Zuwa ga Ɗan Gwaggo na Kalgo: Kwali Ya Samu, Saura Tuwo

Bawana ɗan Gwaggo, gaisuwa daga Gwandu, gidan iyayen gijinka. Labari ya iso mana cewa ka kammala digiri, kuma tun ranar da aka kafe sakamako ka daina amsa sunanka na yanka sai an haɗa da "Yallaɓai". An ce tafiyarka ma ta canza, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kana gaishe da mutane da ɗaga yatsu biyu. Gwaggo ta aike ka sayen daddawa, ka duba agogon hannu ka ce kana da ganawa, alhali kowa a Kalgo ya san agogon nan ya tsaya tun azumin bara. To, barka da arziki. Na ga hotunan da ka watsa a Facebook: farar riga abokai sun cika ta da rubutu har wuya, ga rigar yaye ta aro ta yi maka yawa, ga hula mai tunku tana neman rufe maka ido. Allah ya sanya albarka, ya sa a amfana.

Kafin ka fara tayar da jijiyar wuya, ka tuna matsayinka. Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, kuma ba ni na tsara haka ba. Duk shekara idan watan cika-ciki ya kama kakan zo Gwandu karɓar kuɗin shara, ba tare da ka taɓa riƙe tsintsiya ba. A iya sanina wannan ne kaɗai albashin da ka taɓa karɓa a duniya, kuma ni ke biya. Saboda haka idan ana maganar shiga aiki, ni ne ubangidanka na farko, ina da ikon yi maka nasiha a bainar jama'a.

Ku mutanen Kalgo kun yi sa'a. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta duba ƙasar nan kaf, ta nemi inda ake buƙatar ilimi da gaggawa, sai ta ɗauko jami'a sukutum ta dire muku a bakin hanyar Bunza. Da aka zo raɗa suna ne kunya ta kama ta, ta ce Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Na san amsarka: za ka ce mu ma Gwandu suna kawai muka riƙe, Sarkin Gwandu yana zaune Birnin Kebbi. Na ji. Amma Malam Abdullahi Fodiyo yana kwance a garinmu, mutumin da ya rubuta tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta Diya'ul Hukkam kan yadda ake riƙon jama'a, ya ja runduna, ya yi mulki, bai taɓa cewa a kira shi Yallaɓai ba. Kai ka yi shekara huɗu, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ƙara maka wata takwas kyauta, ka fito da digirin tattalin arziki, kuma har jiya kana turo mini saƙon in taimaka maka da data.

Ga abin da ba a gaya muku ranar yaye. Kwalin nan da kake shafawa da gefen riga, ba kai kaɗai ke da shi ba. Jami'ar Aliero tana yaye nata, Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru tana yaye nata, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu tana yi, Zuru tana yi, ga na Jami'ar Ɗanfodiyo suna dawowa daga Sakkwato mota-mota. Jihar da aka ƙirƙira a 1991 tana da ƙananan hukumomi 21 ne, kuma kujerun da ke ofisoshinsu ba haihuwa suke yi ba. Ka taɓa zuwa Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu? Dubban mutane ke faɗawa ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da goransa. Homa ce ta ba mutum damar shiga ruwan, amma ba a ba kowa kyauta don ya zo da homa, sai wanda ya nutsa ya fito da kifi. Kwalinka homa ne, ɗan Gwaggo. Duk inda za ka, tambaya ɗaya ke jiranka, ko a ofis ko a kasuwa: me ka iya, kuma wace wahala za ka sauke mana?

Na ji an ce ka riga ka sami gurbi a bencin majalisar da ke bakin mahaɗar Kalgo, inda ake ƙirga tirelolin da ke wucewa Jega da Kamba ana raba muƙaman Abuja. A can ne ake karantar da ku cewa aiki sai mai ƙafa, sai wanda ya san wani, sai mai takardar ɗan majalisa. Ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Amma wanda ya fi kowa yawan faɗin haka a majalisar, ka lura da shi, shekararsa nawa a kan bencin? Har katakon ya ɗauki siffarsa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, balle zomon gwamnati da ya sha harbi ya koyi gudu.

Daga wannan benci ne kuma masu sayar da aiki ke kamun kasuwa. Wani zai zo da babbar riga mai sitati da waya biyu, ya ja ka gefe ya ce akwai gurbi uku a kwastan ko a wata hukumar tarayya, saura ɗaya, kuɗi kaza, a kawo kafin Juma'a. Kai kuma ka tafi ka tasa Gwaggo gaba da kuka har ta sayar da saniyarta ko ta jinginar da fadamar da Kaka ya bar mata. Idan ka kuskura ka yi haka, sai na zo Kalgo da kaina na ɗaure ka a turken saniyar. Ka tuna watan Maris na 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasar nan, bayan kowa ya biya naira 1,000, aka yi turereniya, mutum fiye da goma suka rasa rayukansu. Ka tuna a 2023 Majalisar Wakilai ta zauna musamman tana binciken cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, aka yi ta jin tonon asiri a rediyo. Aikin gaskiya ana tallarsa a fili, ana cike shi a shafin hukumar da kanta, ba a biyansa a asusun wani mutum. Haka nan masu cewa ka zuba dubu ɗari ta zama dubu ɗari biyu cikin wata guda. MMM ta kwantar da mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita musu a Afrilun 2025. Ku masu digirin tattalin arziki kun fi kowa saurin faɗawa, don kuna ganin kun gane lissafin. Cacar ƙwallo ta waya kuwa ba sana'a ba ce, ko da Arsenal ɗinka ta ci sau ɗaya.

Yanzu sai bautar ƙasa. Na san dabarar da kake ƙullawa: da an tura ka Ebonyi ko Ekiti, ka nemo takardar likita ta ƙarya cewa kana da ciwon da ba ya warkewa sai da furar Kalgo, a dawo da kai gida. Kada ka yi. Tun 1973 da Janar Gowon ya kafa wannan tsari, babbar ribarsa ita ce yaro ya fita daga ɗakin uwarsa ya ga yadda wasu ke neman abinci. Dubi yaran Kudu da ake saukewa a sansanin Dakingari. Wasunsu suna zuwa ko "sannu" ba su iya ba, kafin shekara ta zagayo sun san farashin buhun albasa a Aliero, sun san direban da ke lodin Legas da Onitsha, sun fara tura kaya garinsu. Kai da aka haife ka a tsakiyar abin, ba ka san buhu nawa tirela ke ɗauka ba. Idan ka je can, ka buɗe ido ka ga me suke saye da tsada wanda mu muke zubarwa, ka riƙe lambobin mutanen kirki.

Alawus ɗin kuma ya kai naira 77,000 a wata, ya ɗara mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jihar Kebbi, wato naira 75,000, wanda magidanci mai 'ya'ya ke rayuwa a kai. Bambancin shi ne naka wata goma sha biyu ne, ranar da aka miƙa maka takardar sallama famfon ya ƙafe. Ka raba shi tun ranar da ya shigo: na ci, na ajiya, na koyon wani abu. A sansani za a kawo masu koyar da sana'o'i, za ka ga abokanka suna barci a bayan rumfa da hula a fuska. Kai ka matsa gaba. Waya mai kyamara uku za ta jira, ba gudu za ta yi ba.

Idan ka dawo, ka duba abin da ƙasar nan take biya a kansa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwambar 2015. A ƙarshen 2016 shinkafar Kebbi ta shiga kasuwar Legas da sunan Lake Rice. A 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa a lunguna. Kai da ka ji an ce shinkafa sai ka hango laka da sauro, ka ce ba don wannan ka yi karatu ba. Tsakanin fadama da tukunya akwai aikin mai ilimi birjik. Akwai mai auna danshin shanshera kafin a saya, akwai mai riƙe sikeli da littafin shiga da fita, akwai mai tsara wa ƙungiyar manoma lissafinta don banki ya saurare ta, akwai mai sanin wane iri ya dace da wace ƙasa da yadda ake zuba taki ba a yi asara ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓi bashin Babban Bankin nan sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, ba su biya ba, shirin ya sukurkuce. Wato abin da ya yi ƙaranci a harkar ba ƙasa ba ce, ba ruwa ba ne, mutum ne mai lissafi da amana. Ga gurbi nan ba ka buƙatar takardar kowa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ban ruwa da injin fetur ya zama cin uwar kuɗi, manoman rani suka koma sola. Ka shiga fadama da hantsi ka gani. Faranti huɗu ko shida a jingine a kan itace suna kallon rana, waya ta bi ƙasa zuwa famfo, ruwa yana bulbulowa cikin kwami ba ƙara ba hayaƙi, manomi yana zaune a inuwa yana cin rogo. Sai ƙura ta rufe farantin, ko wata waya ta saki, ruwa ya tsaya cak. Nan take za ka ga dattijo mai hekta biyar yana kiran wani yaro a waya yana lallashi kamar surukinsa, yaron ya iso a kan babur da ɗan akwatin awon wuta da sukundireba, ya duƙa minti ashirin, ruwa ya dawo, a cika masa aljihu a haɗa masa da tumatir. Yaron nan ko sakandare bai gama da kyau ba. Da a ce ya haɗa da karatunka, da shi ke sayar da farantin, yana ba da bashi zuwa girbi, yana riƙe da littafi.

Albasa ma haka. Lokacin cira tana zubewa har a rasa mai saye, bayan wasu watanni ta yi tashin gwauron zabo, a tsakani kuma mai yawa ta ruɓe a rudu. Duk wanda ya iya rage ruɓewar nan ya sami abin yi har tsufa. Ba na ce maka babu haɗari ba. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan, mutane suka wayi gari da bashi ba amfani. Don haka ba a shiga da kuɗin aro da ƙafa biyu. A fara da bin wanda ya iya, a yi masa yaron shago ko yaron gona damina ɗaya da rani ɗaya, a ga inda ake ci da inda ake faɗuwa. An sha ba mu labari cewa Shehu Usmanu da kansa yakan tufka igiya ya ci daga guminsa, Sarkin Musulmi Bello kuma yana da ɗan lambunsa. Kai wane ne da za ka ce hannunka ya fi ƙarfin ƙasa?

Idan kuma alli ne ya samu, ka karɓa hannu biyu. Na ji ka ce ko a mafarki ba za ka koyar ba. Gwamnan da ke mulkin jiharka tun 2023, Nasir Idris Ƙauran Gwandu, malamin makaranta ne, ta ƙungiyar malamai ya bi har ya shugabance ta a ƙasa baki ɗaya. Ban ce kowane malami zai zama gwamna ba, balle na Kalgo. Amma wanda ya iya tsayawa gaban yara sittin ya fahimtar da su kashi cikin ɗari, ya iya tsayawa gaban kowa. In za ka yi, ka yi da gaske: ka ƙara difilomar koyarwa, ka yi rajista da hukumar malamai, kada ka zama irin waɗanda ke sa hannu a rajista su tafi acaɓa.

Sai maganar takardar neman aiki. Na ga taka, Gwaggo ta ba ni in adana. A shagon kwamfuta aka buga maka ita a kan ta wani, aka canza suna aka manta ba a canza lambar waya ba, don haka duk wanda ya so ɗaukarka wani mutumin Bunza zai kira. A ciki ka ce ka ƙware a kwamfuta. Na tambaye ka ka haɗa mini jimillar buhu hamsin a Excel, ka ce wayarka ba caji. Ka ce abin sha'awarka karatu da tafiye-tafiye, alhali in ban da Gwandu tafiyarka mafi nisa Jega ce, ita ma biki. Ka zauna ka rubuta shafi guda da hannunka, ka sa abin da ka taɓa yi da gaske, ko da riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai ne ko koyar da yara a Islamiyya. Adireshin imel ɗinka mai "sarkin gayu" a ciki ka binne shi. Ranar intabiyu ka san me wurin ke yi kafin ka shiga, ka isa da wuri, ka kashe waya, idan ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba amma za ka koya. Turancin da kake murɗa baki kana yi wa 'yan matan unguwa ba zai yi aiki a can ba, sun ji wanda ya fi shi.

To a ce Allah ya yi, an ɗauke ka. Nan ne 'yan digiri ke kashe kansu da kansu. Za ka tarar da masinja da ya shekara ashirin a wurin, da akawu mai furfura wanda takardarsa ba ta kai taka ba. Su suka san inda kowane fayil yake kwance, da ranar da oga ba ya son magana, da takardar da in ka sa mata hannu ka shiga uku. Ka gaishe su da sunan girma, ka tambaye su, ka karɓi gyara. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wata shida na farko kunne ne aikinka, ba baki ba. Kada ka shiga ɓangare, kada ka kai gulma, kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba ko da wa ya miƙo maka. Abin da aka ce ka kawo Litinin ka kawo shi Litinin. Kuɗin da ba naka ba, ko na sayen biro ne, ka dawo da canji da rasit. A garuruwa irin namu kowa ya san gidan kowa, sunan da ka yi a shekarar farko shi zai riƙa shiga ofisoshi kafin ka iso.

Kada kuma ƙanƙantar kujerar farko ta dame ka. Marigayi Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, sai da ya riƙe ƙasar Kalgo yana Sarkin Gobir kafin ya hau gadon kakanninsa. Ka ga ashe tun da can garinku wurin koyon aiki ne na mutanen Gwandu: in mutum ya iya haƙuri da ku, an tabbatar zai iya da kowa.

Albashin farko ka kai wa Gwaggo ta sa albarka, ka cire na Kawunka, ka shiga adashi da mutanen da ka san gidajensu. Kada ka ci bashin banki a kan albashi don sayen mota mai shan mai kamar raƙumi ya ga rijiya, ka koma kana ɓuya wa mai shago tun ranar goma ga wata. Kuma ko ka sami aikin gwamnati, ka riƙe wani abu a gefe wanda ba zai ci lokacin aikin ba, ko tumaki biyu ne a bayan gida, domin albashi kan yi jinkiri, tunkiya kuwa ba ta jiran a sa hannu kafin ta haihu.

Saura magana ɗaya, wadda kake zaton ban sani ba. Zaryar da kake yi Gwandu kwanan nan da sunan gaishe da Kawu, kana zama a zaure har la'asar kana leƙen ƙofar cikin gida, kowa ya gane. Ƙanwata taubashiyarka ce, ba mu hana ba, tuwona maina. Amma ita ta gama kwalejin jinya, tana kama aiki ƙarfe bakwai na safe, kuma Kawunka ya wakilta ni a kan maganar. Sharaɗina ba lefe mai akwati goma ba ne. Ka kawo mini mutum ɗaya wanda ba danginmu ba, wanda ya biya ka kuɗi don wani aiki da ka yi masa, ya kuma ce zai sake kiranka. Ranar da ka kawo shi, ni zan riƙe maka babbar riga zuwa wurin ɗaurin aure. In ba haka ba, akwai wani yaro mai gyaran sola da ya fara aiko wa Kawu da tumatir.